Kaka Biyu Anka Kaɗa Mini Kalangu

Danwarai, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Basharu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sauke ka Legas lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Amin.

Na san za ka yi mamaki innarka ta miƙa maka takarda daga gare ni, alhali tsakanin ɗakina da naka bai wuce taku goma ba. Sau biyu na so in faɗa maka da baki, sau ɗaya a gona, sau ɗaya a kan babur muna dawowa daga Jega. Duk sai in juya maganar zuwa zancen ban ruwa. To ga ta a rubuce. Ka karanta a mota, in ka sauka ka huta ka sake karantawa.

Ba hana ka zan yi ba, wannan ka kwantar da hankalinka. Bana sau uku na tsaya bayan mutane na kalli dambenka, ba ka san ina wurin ba. Ka fi ni ƙafa. Ka fi ni haƙuri a turmin farko. Mutanen da sunka zo sunka zaɓe ka su kai ka can ba su yi kuskure ba, kuma ina da yaƙinin za ka yi suna. Abin da ya rage maka shi ne ka san labarina na gaskiya. Wanda kake ji a majalisa, na Ƙanƙarar Danwarai da ba a kai turmi na biyu da shi, rabi ne kawai, kuma rabin da ya fi daɗi a baki. Duka-duka kaka biyu na yi ana kiran sunana. Yadda na zubar da su da hannuna, shi zan faɗa maka.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, aikina dakon buhunan albasa daga gonar kakanka zuwa kasuwar Jega. Akwai wani tsohon mahauci a kasuwar, Baba Jibo, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa amma bai yi suna ba. Ya ga yadda nake sauke buhu da hannu guda, ya kira ni, ya ba ni tsire, ya ce in same shi bayan la'asar. Shi ya koya mini naɗa zare a hannu. Shi ya koya mini tsayuwa da numfashi. Wata shida bai bar ni na shiga fage ba, kullum magana ɗaya yake maimaita mini har na gaji da jinta: hannun hagu, garkuwa, kada ya sauka daga gaban fuska.

Da ya sake ni kuwa, sai abu ya yi kyau fiye da yadda ni da shi munka zata. Bayan girbi munka zagaya Katanga, Aliero, Jega, duk wanda anka haɗa ni da shi sai ya kai ƙasa. Wani makaɗi ya yi mini take, ya riƙa bina da kalangu duk inda za ni. Basharu, ban san akwai abin da ke bugar da mutum kamar ya ji sunansa a bakin kalangu ba. Ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Masu hali suna jefo maka riguna, wani ɗan kasuwa ya ba ni babur, mutanen da ban taɓa gani ba suna rantsuwa tare munka tashi. A cikin wannan shekarar na auri innarka.

Wata rana a Aliero na kayar da wani a turmin farko, samari sunka ɗauke ni a kafaɗa suna zagaya fage da ni. Baba Jibo ya ratso taro ya kama mini ƙafa. Ya ce, "Sa'idu, sauko mu yi magana. Sau uku garkuwarka ta sauka. Da yaron ga ya san abin da yake yi, da yanzu kai ake yi wa fifita."

Daga saman kafaɗun mutane na dube shi na ce, "Baba, kai da ka san garkuwa haka, wa ya taɓa jin takenka?"

Taro ya fashe da dariya. Tsohon ya saki ƙafata, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Allah ya tsare." Ya juya ya tafi. Bai sake zuwa dambena ba, ni kuma ban neme shi ba. A raina ma cewa na yi na rabu da mita.

Can inda za ka, za a ba ka mai horo. Ban san shi ba, ban san halinsa ba. Amma ko shi ko wani, za ka samu mutum guda da zai zo ranar da ka yi nasara ya faɗa maka inda ka yi kuskure. Zai ɓata maka rai, don kowa na yabo shi kaɗai ke gyara. Wannan mutumin ka riƙe shi da hannu biyu. In ya yi maka magana a gaban jama'a ka ji zafi, haɗiye, ka ce to. Masu ɗaukarka a kafaɗa ba su ga garkuwarka ba, ba ita sunka zo kallo ba.

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma shi ne wanda ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba.

A kaka ta biyu anka haɗa ni da wani Labbo, mutumin Karaye, a fagen Maiyama. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya yi zamaninsa, ana ganin girmansa a duk yankin. Kafin wasa na ji an ce ya ce ni yaro ne, ƙarfi kawai gare ni. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, har yau ban sani ba. Na dai shiga da abin a ciki. A turmi na biyu na same shi a haƙarƙari, ya durƙusa, gwiwa da tafin hannu sunka taɓa ƙasa. Ka san wannan shi ne kisa, wasa ya ƙare. Alƙali ya taho zai raba. Na gan shi da idona yana tahowa. Duk da haka na ɗaga hannu na sauke wa Labbo naushi a kan kunnen dama, yana durƙushe, bai kare kansa ba.

Masu bina sunka ɓarke da ihu, kalangu ya ɗauka. Jini na fita daga kunnen mutumin. Matasan Karaye sunka zabura za su shigo, shi da kansa ya ɗaga musu hannu ya hana. Anka kama shi anka fita da shi. Ni kuwa na zagaya fage ina kirari.

Daga baya na ji kunnen ya mutu.

Babu wanda ya hukunta ni. A lokacin ma wasu cewa sunka yi na nuna ni namiji ne. Amma ka ji daga bakin wanda ya yi: babu naushin da na taɓa kaiwa da nake tunawa kamar wannan. Dambe wasa ne mai ƙa'ida, ba gaba ba ne. Mutumin da ke gabanka shi ma wata ce ta haife shi, tana gida tana addu'a kamar yadda innarka za ta riƙa yi. In ya faɗi, ja da baya. In ya kasa tashi, kai ka fara miƙa masa hannu. In an kawo maka cewa wane ya ce kaza, kada ka shiga fage da maganar da ba ka ji da kunnenka ba, don akwai masu cin abinci da haɗa ku. Ku ma naku ya fi namu haɗari. Mu a zamaninmu sai wanda ya je ya gani, ku kuwa waya za ta ɗauka, jikokinka su kalla.

Wannan naushin na banza kuwa shi ya karya ni. Ya sauka a kan ƙashin kai, na ji wani abu ya motsa a bayan hannuna, amma zafin nasara bai bar ni na kula ba. Da anka warware zare, hannu ya kumbura ya yi suntum. Washegari kakanka ya kai ni wurin mai ɗori a Aliero. Ya tattaɓa, ya ja, ya jera kara ya ɗaure. Ya ce, "Ƙashi ya tsage. Wata uku kada ka ɗauki ko buta da shi. In ka yi haƙuri zai koma kamar ba a yi ba."

Mako uku da haka anka sa babban wasa a Jega. 'Yan dambe sunka zo daga nesa, gari ya ɗauka cewa Ƙanƙara zai fito. Masu bina sunka cika mini zaure, wannan ya ce in ban fito ba za a ce tsoro na ji, wancan ya ce ai da hannu guda ma na ishe su. Ɗaya daga cikinsu ya ciro wasu ƙwayoyi a leda ya ce in na sha biyu ko guduma anka buga mini ba zan ji ba.

Innarka lokacin tana da tsohon cikin yayarku. Ta ji duk abin da ake faɗa daga cikin gida. Da na shiga neman zarena ban gan shi ba, ashe ta tura shi cikin buhun gero. Na yi ta faɗa. Ta fito da shi, ta riƙe a ƙirji, ta ce, "Maigida, in ka naɗa wanga a kan karaya, ni za a kawo wa hannun in yi jinya. Waɗanda ke zaure ko sannu ba za su zo yi ba."

Na fizge na fita. Ko waiwayarta ban yi ba.

Na kwance ɗorin da kaina, na sha ƙwayar, anka naɗa mini zare. Anka haɗa ni da wani baƙon yaro wanda ko sunansa ban tambaya ba. Naushina na farko ya tare da gwiwar hannu. Na ji ƙas, har cikin haƙorana. Ƙwayar ba ta yi komai ba. Ban san lokacin da hannun hagu ya sauka ya tallabi na dama ba, fuskata ta zauna a buɗe. Abin da na sani bayan haka, ina kwance ana zuba mini ruwa, rana tana dukan idona.

Kafin in gane inda nake, na ji takena. Na ɗauka ƙarfafa ni ake yi in tashi. Da na saurara da kyau, kiɗan nawa ne, makaɗin nawa ne, amma sunan yaron yake kira. Na daɗe ina jin haushinsa. Yanzu na daina, sana'arsa ce, kuma bai taɓa yi mini alkawarin zai bi ni ƙasa ba.

To ka ji. Jikinka shi ne abin da za ka dawo da shi gida, kuma shi kaɗai ne ba a canza maka. In likita ya ce ka huta, ka huta, ko da wasan da ka fi so ne za ka rasa. Wanda ya ce tsoro ka ji, bar shi ya faɗa, bakinsa ne. In ka sha naushi a ka har ka ga duhu, ko ka tashi da jiri, ka faɗa, kada ka ɓoye don a bar ka ka shiga. Duk abin da anka ba ka a leda anka ce yana kashe zafi ko yana ƙara zuciya, mayar wa mai shi, ka kuma rage zama da shi. Zafi gaskiya yake faɗa maka. Duk takardar da za su ba ka ka sa hannu, karanta ta sau biyu, ka duba ko ta bar maka ikon ka ce yau ba ni da lafiya. Sannan in Allah ya ba ka mata wadda za ta iya tsayawa gabanka ta ce kada ka je, ka tsaya ka ji ta. Innarka ba ta taɓa tuna mini wannan ranar ba, ko sau ɗaya, kuma ita ta yi jinyar kamar yadda ta faɗa.

Mai ɗorin ya sake ɗaurawa. Yatsu biyu ba su sake lanƙwasawa ba, ka san su. Kaka ta zagayo na ce sai na dawo da sunana. Na shiga wani ƙaramin wasa a Katanga, wani da a da ba zai iya haɗa ido da ni ba ya kayar da ni a turmin farko. Na tashi ina jiran a yi mini ihu. Babu wanda ya yi. Mutane sun juya suna sayen rake, suna jiran wasa na gaba. Ranar na san an gama.

Da na koma gona a lokacin, da ban yi asara mai yawa ba. Amma shekara biyu na yi ina zaune. Ina ganin wanda anka ɗauka a kafaɗa bai kamata a gan shi duƙe cikin laka yana dashen albasa ba. Sai in sa tsohuwar rigar da anka ba ni, in je bakin tasha in zauna, duk wanda ya tsaya in ba shi labarin ranar Aliero. Tun suna saurara har sunka fara tashi in na iso. Kakanka da tsufansa shi ke ban ruwa. In na dawo gida kuma in huce a kan innarka, abinci ya yi gishiri, yarinya ta cika kuka. Faɗuwa a fage ba laifi ba ne, kowa na faɗuwa. Waɗannan shekaru biyun su ne abin kunyata.

Abin da ya tashe ni, wata ranar kasuwa kakanka ya kwanta da zazzaɓi, dole na je Jega sayo irin albasa. Ina ratsa layin masu hatsi sai na hango Labbo zaune gaban buhunan gero. Na sunkuyar da kai zan canza hanya, sai na ji, "Ƙanƙara!" An daɗe ba a kira ni da sunan ba. Na matsa, na tsaya ta damansa na yi sallama.

Ya ce, "Zagayo ta nan. Wancan kunnen ai ka tafi da shi Danwarai."

Na zagaya, na durƙusa a cikin kasuwa, na ce, "Yaya Labbo, na cuce ka. Ka riga ka faɗi, na gani, na buga. Ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, ana kallonmu." Ya jawo buhu ya ce in zauna. Sannan ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, na roƙi Allah ya nuna mini faɗuwarka. Ranar da ka faɗi a garin ga ina wurin, da ɗaurin kai na zo musamman. Na gani. Na koma gida na kwanta, kunne bai buɗe ba, daɗin da na zata zan ji ma ban ji ba. Tun ranar na bar maka." Ya kama hannuna ya juya shi, ya dubi yatsun, ya girgiza kai. Ya ce, "Ka je ka ga Jibo? Yana kwance, ya kwana biyu."

Raina ya ce in bari sai wani mako, in shirya abin da zan faɗa. Allah ya taimake ni ban bi shi ba. Daga wurin na wuce gidan. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, ido ya yi rauni. Na yi sallama, ya gane muryata tun kafin in faɗi suna. Na fara ba da haƙuri, ya katse ni, ya ce in ba shi hannun. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana matsawa.

Ya ce, "Nawa ke kamawa?"

Na ce, "Uku, Baba."

Ya ce, "Uku sun isa riƙe hauya. Mi kake jira?"

Bai ƙara ko kalma a kan abin da na yi masa ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya yi masa rasuwa. Da na jinkirta, da har yau ina ɗauke da shi. Saboda haka in ka ɓata wa mutum, kada ka jira sai ka shirya magana mai kyau. Je ka da wadda ke bakinka.

Washegarin ranar da na je wurin Baba Jibo na shiga gona, kuma ban sake fita ba. Da yatsu ukun nan na noma abin da kunka ci ku duka, na aurar da yayyenka, na sa ku makaranta, na ɗaga wannan gidan daga ɗaki biyu. Yau in na shiga kasuwar Aliero ana gaishe ni don albasata ba ta ruɓewa a rumbu, kuma wallahi wannan gaisuwar ta fi zauna mini a rai. Ba na nadamar na yi dambe. Ina nadamar yadda na yi shi. Kai kana da damar ka yi shi da kyau, ka daɗe a ciki fiye da ni, ka fita da ƙafarka lokacin da ka ga dama, ba a fitar da kai ba. Na san za ka iya, don na ga yadda kake tashi ban ruwa ba a tashe ka ba, ko ranar da ka yi nasara.

Fegin da ke gefen rijiya naka ne. Ba zan ba kowa aro ba, za mu riƙa shuka shi da sunanka. Ba don ina zaton za ka gaza ba, sai don ɗan damben da ya san yana da wurin komawa ba ya shiga wasan da bai kamata ba. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko da a bayan fage ne. Ka riƙa kiran innarka ranar Juma'a, kuma kada ka ce mata ka kashe wani ko an kashe ka, ba ta son kalmar, ka ce mata ka yi nasara ko ba ka yi ba.

Saura abu guda. Wata rana za ka faɗi. Ba baki nake yi maka ba, duk wanda ya naɗa zare yana da ranarsa. Ranar, kafin hoton ya iso wayoyin mutanen Danwarai, ni za ka fara kira. Kada ka kashe waya, kada ka ɓuya a ɗaki. Ba zan tambaye ka yadda anka yi ba. Zan tambaye ka hannunka, in tambaye ka kanka, sannan in fita bakin masallaci in faɗa musu da bakina cewa ɗana ya faɗi kuma ya tashi.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare maka ƙashinka da hankalinka da mutuncinka, ya tsare waɗanda za ka kara da su, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, innarka ma ta yafe. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
Sa'idu.